Natsuwa a Tsakiyar Hidima: Sharhi Daga Bakin Titin Damagum

Duk wanda ya taɓa zama a bakin babban titin da ya ratsa Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune, tun daga hantsi har zuwa la'asar sakaliya, ya zuba ido yana kallon manyan motocin da ke fitowa daga Potiskum sun nufi Damaturu da Maiduguri, da waɗanda ke juyowa maƙare da shanu da buhunan wake sun doshi Kano da biranen kurmi, ya kuma lura da mutanen da ke sauka da hawa, kowa waya a kunne, kowa na ce wa wani "ga ni nan tafe," alhali zuciyarsa ta riga ƙafarsa isa wani wurin dabam, lalle zai gane cewa jama'ar wannan yanki sun shiga wani irin gudu wanda kakanninsu ba su san shi ba. Ngizimawa da Karekare da Bolewa da Fulani da Kanuri da Hausawan da ke zaune tare da su ba a taɓa saninsu da lalaci ba. Abin da yake sabo shi ne yadda aikin ya rasa bakin da yake tsayawa. Har yanzu in mun haɗu muna tambayar juna, "Ina gajiya?", a amsa, "Babu gajiya," domin ladabi ya hana mutum kai ƙarar jikinsa ga wanda ya gaishe shi, amma idon mai amsawar yakan faɗi abin da bakinsa ya ɓoye. Mas'alar da nake so mu yi nazari a kanta ke nan: ta yaya mutumin da hidima ta yi wa yawa, wanda ba shi da halin ajiye ta, zai tara hankalinsa wuri guda, ya kuma ba kowane sashe na rayuwarsa abin da ya cancanta?

Kafin a nemi abu ya kamata a san sunansa, kuma kusan kowane ɗayanmu ya haddace wannan suna tun yana yaro a gaban malamin zaure. Wanda ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya san cewa a cikin farillan salla, tare da niyya da kabbarar harama da ruku'u da sujada, malaman Malikiyya sun lissafa abu biyu waɗanda ba karatu ba ne, ba kuwa motsi ba, su ne ɗuma'nina da i'itidali. Ɗuma'nina ita ce gaɓɓai su zauna daram na ɗan lokaci a kowane rukuni kafin a wuce zuwa na gaba. I'itidali kuwa shi ne mutum ya miƙe sak, a tsaye ko a zaune, bai karkata ba. Da Hausa, natsuwa da daidaito ke nan. Asalin hukuncin yana cikin sanannen hadisin mutumin nan da ya shiga masallaci ya yi salla da gaggawa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sake har sau uku, sa'an nan ya koya masa ya riƙa natsuwa a kowane rukuni. To, a ganina, a nan sirrin mas'alarmu yake. Salla motsi ce tun daga farkonta har ƙarshenta, tsayuwa da sunkuyawa da kai goshi ƙasa da tashi, amma duk da haka a cikin motsin aka shar'anta natsuwa. Wanda ke jiran sai ayyukansa sun ƙare sa'an nan ya natsu, ya yi kama da mai cewa zai biya ɗuma'ninar raka'a huɗu a dunƙule bayan sallama.

Mutanen Yobe ba sa bukatar a kawo musu hujja daga nesa a kan cewa rashin aiki dabam, natsuwa dabam. A watan Mayu na 2012 'yan bindiga suka auka wa kasuwar shanu ta Potiskum suka kashe mutane da dama. Bayan shekara guda, a Mayun 2013, gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan wayar hannu na tsawon makonni, hanyoyi suka cika da shingayen bincike, ciniki ya ja baya. A wancan lokaci mutane da yawa sun sami abin da yau suke cewa suna nema, watau wuni ba kira, ba lodi, ba tafiya, amma ba wanda zai ce ya sami kwanciyar hankali, domin zuciyar da tsoro ya cika ba ta hutawa ko da jiki na kwance a kan tabarma. A ɗaya gefen kuwa, kowa ya san wani dattijo a unguwarsu, mai gona da shago da iyali masu yawa da jama'a a ƙofar gida kullum, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, wanda in ka zo masa da magana sai ya saurare ka kamar ba shi da wani aiki a duniya sai kai.

Abin da ya taimaki magabatanmu, in muka duba da idon basira, shi ne tsarin zamansu ya gina musu wuraren tsayawa ba tare da sun nema ba. Bafataken da ya kora shanu da ƙafa zuwa kudu yakan yi makonni a hanya, ya sauka a zango in rana ta take, labarin farashi kuma ba ya riskarsa sai ya isa, saboda haka ba shi da yadda zai yi da fargabar ciniki face ya bar wa Allah. Kasuwa tana da ranarta a mako, in ta watse ta watse sai wani makon. Damina tana da wahalarta, daga shuka zuwa noman fari da maimai, kaka ta zo da girbi, sa'an nan rani ya ba manomi sarari ya gyara danga, ya ziyarci dangi, ya koma gaban malami. A cikin yini ɗaya ma, zafin bazarar wannan ƙasa, wanda yakan haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ya tilasta wa kowa ƙailula, duhun dare kuma ya rufe kasuwa ya bar mutum da fitilar ƙwai da hirar zaure. Wancan zamani yana da yunwarsa da annobarsa da mutuwar ƙananan yara wadda ba mai fatan dawowarta. Abin da nake nufi kawai shi ne, haddin da ke tsakanin aiki da hutu a lokacin, rana da damina da nisan hanya ne suke shata wa mutum shi.

Waɗannan haddodi su ne zamani ya bi ya tuge ɗaya bayan ɗaya. Mota ta mai da tafiyar makonni ta kwana biyu. An ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, Damaturu ta zama babban birni, sai titin nan ya zama hanyar ma'aikata masu iyali a wani gari, ofis a wani. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, bayan 'yan shekaru ta iso ƙauyuka, daga baya kuma ta zama banki da kasuwa da majalisa. Ɗauki misalin dillalin shanu a karar Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Aikinsa tun asali aikin natsuwa ne: ya dubi sa ya ƙiyasta ƙimarsa da ido, ya san Bafulatanin da ya kawo shi, ya san mai sayen da zai iya biya, ya daidaita tsakaninsu, a sallama, ya karɓi la'adarsa. Yau kuwa kasuwarsa ba ta watsewa. Da tsakar dare mai dabbobi zai kira daga ruga yana tambayar yaya kasuwa. Kafin asuba abokin ciniki zai kira daga Legas ko Fatakwal yana cewa mota ba ta iso ba. Direba zai kira ya ce taya ta fashe a daji, ga shanu sun galabaita. Wani ya ce ya turo kuɗi, shi kuwa bai ga saƙon banki ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da haƙƙi, ba wanda za a ce wasa ne ya sa shi kira, amma a haɗe sun mai da mutum ɗaya kamar rijiyar da guga goma ke faɗa mata a lokaci guda, ruwanta bai ƙare ba, sai dai ya dame da laka, ba ya shayuwa. Daga nan kuskuren lissafi ke farawa, da alkawarin da aka manta, da tsawar da ake daka wa yaro a gida a kan laifin da bai kai ya kawo ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Likitoci suna da bayanin wannan hali wanda bai saɓa wa abin da idonmu ke gani ba. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da wani shiri na ko-ta-kwana, ta yadda in ya hangi haɗari sai wasu sinadarai, adiranalin da kotisol, su kwarara cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, narkar da abinci ta dakata, domin mutum ya sami ƙarfin gudu ko na kare kansa. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da kura a daji, don bayan sa'a guda haɗarin ya wuce, jiki ya koma yadda yake. Amma jiki ba ya bambance kura da bashin da wa'adinsa ya cika, bashi kuwa ba ya komawa daji. Saboda haka shirin da aka yi domin ɗan lokaci sai ya zauna wata da watanni, ya taimaka wajen jawo hawan jini da rashin barci da ciwon kai da saurin fushi. Masana sun yi ittifaƙi a kan cewa baligi yana bukatar barcin da bai gaza sa'a 7 ba a dare. Potiskum gari ne da ya shahara da manyan motoci, kuma duk wanda ya san tasha ya san cewa direban da ke son ya kai lodi ya juyo ya sake wani sawun, da wuya ya sami wannan. Abin baƙin ciki, wasu daga cikin matasanmu, direbobi da yaran mota da leburori har da masu noma, sun nemi biyan bashin barci da ƙwaya, suna shan taramol domin kada su ji gajiya, ko maganin tari mai kodin domin wata natsuwa ta ƙarya, abin da ya kai gwamnati ga hana yinsa da shigo da shi a Mayun 2018. Gajiya 'yar aike ce daga jiki, wanda ya toshe mata baki kuwa ya jinkirta saƙon ne kawai zuwa ranar da zai riske shi a gadon asibiti ko a ƙarƙashin motar da ta kife.

A nan dole in tsaya in saurari mai ƙorafi, domin ƙorafinsa yana da ƙarfi. Zai ce, "Malam, wannan duk zancen mai ƙoshi ne, ni da nake fita da safe ban san abin da za a ɗora a murhu da dare ba, ina na ga wata natsuwa?" Gaskiyarsa. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira, zuwa janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da tsadar da ta biyo baya, magidanta da yawa sun koma yin sana'a biyu ko uku don abin da guda ɗaya ke kawowa a baya: malamin firamare da safe, mai shago da yamma, manomi a ƙarshen mako. Mace kuwa, wadda ba a cika sa ta cikin lissafi ba in ana zancen hidima, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Tsakanin girki da wanki da raino da tuyar ƙosan sayarwa da zubin adashi da makarantar Islamiyya, ba ta da ranar da kasuwarta ba ta ci. Zalunci ne a ce wa irin waɗannan bayin Allah laifinsu ne da ba su natsu ba, don wani kaso na nauyin daga albashin da ba ya isa ne da farashin da ba ya tsayawa, maganinsa kuma yana wuyan hukuma da masu hali. Sai dai na lura cewa mai tirela goma bai fi mai baro guda barci ba, sau da yawa ma mai baron ya fi shi. Talauci yana tsananta cutar, amma ba shi kaɗai ne tushenta ba.

Akwai waɗanda in abin ya ishe su sai su yi tunanin gudu, su bar gari, su bar sana'a, su shiga halwa, kuma wannan tunani ya taɓa ziyartar manyan malamai. Imamu Gazali, wanda waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, yana koyar da ɗalibai wajen 300, sarakuna na neman fatawarsa, ya kai matsayin da kowane malamin zamaninsa ke sha'awa. Amma a 1095, kamar yadda ya ba da labari da kansa a cikin Almunƙizu minad Dalali, zuciyarsa ta yi wajen wata shida tana jayayya tsakanin ɗaukakar duniya da kiran lahira, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuci yake. Ya bar Bagadaza ya tafi Dimashƙa da Baitul Muƙaddas da Makka, ya yi shekara wajen 11 nesa da kujerar koyarwa ta hukuma. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarshen labarin, watau cewa a 1106 ya koma koyarwa a Naisaburi. Haka nan a ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, ya bar runduna wajen 1807 da niyyar ya nufi gabas zuwa Makka. Da ya isa Kano mutanenta suka riƙe shi suna neman ya koya musu tafiyar da mulki bisa shari'a, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, daga bisani ya juya ya koma ga Shehu Usmanu ɗan'uwansa da nauyin da ya baro. Janyewa ta ɗan lokaci tana da amfani, kamar yadda i'itikafin goman ƙarshe na azumi ke nunawa, amma kwana goma ne a shekara, sauran kwanakin na kasuwa ne da gona da iyali.

Abin da Gazali ya fito da shi daga wannan keɓewa shi ne Ihya'u Ulumiddini, kuma a cikin littattafai 40 da suka haɗu suka yi shi, na goma a kan tsara wuridan yini da dare yake, inda ya yanka sa'o'i kashi-kashi tun daga ketowar alfijir, ya ba kowane kashi aikinsa. Abin da ya fi burge ni a wurin shi ne bai ɗinka wa kowa riga ɗaya ba: ya bambanta tsarin mai ibada da na malami da na ɗalibi da na shugaba da na mai sana'a, ya kuma bayyana cewa wanda ke da iyalin ciyarwa ba ya halatta ya tozarta su ya duƙufa a kan nafila, wuridinsa a lokacin neman abinci shi ne halartar kasuwa, matuƙar bai bar ambaton Allah ba. Ashe i'itidali ba ya nufin a raba yini daidai wa daida kamar naman watanda. Ma'anarsa a ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa a lokacinsa. Tushen wannan yana cikin ƙissar Salmanul Farisi da ya ziyarci Abud Darda'i ya tarar ya ƙaurace wa abinci da barci da iyalinsa saboda ibada, ya matsa masa ya ci, ya kwanta, ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana bin sa haƙƙi, Annabi kuma ya gaskata Salmanu. In har ba a yarda nafilar dare ta cinye haƙƙin jiki da na iyali ba, ina ga cinikin wake?

To, tunda rana da damina sun daina shata mana haddi, ba abin da ya rage face mutum ya shata wa kansa da niyya, kuma wuri mafi sauƙi da zai fara shi ne wanda ke hannunsa tuni. Musulmi yana da tsayawa biyar a yini, amma da yawa daga cikinmu mun mai da su wani sawu na gudun, muna dungura goshi kamar kaza na tsintar tsaba. 'Yan mintocin da aka yi da ɗuma'nina, aka zauna bayan sallama har aka gama tasbihi ba a taɓa waya ba, sun isa su sauke bugun zuciya su mayar wa mutum da hankalinsa, kuma tunda ana yinsu sau biyar, ba a barin damuwa ta taru fiye da 'yan sa'o'i. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a cikin Infaƙul Maisuri cewa ya sha ganin mahaifinsa, Shehu Usmanu, in zai fita wurin jama'a sai ya ɗan tsaya kafin ya bayyana gare su, da ya tambaye shi dalili sai ya sanar da shi cewa niyyarsa yake sabuntawa. Magidancin da ya koyi irin wannan tsayawa a soron gidansa kafin ya shiga, ya sauke kasuwa daga kansa a nan, ya tuna cewa waɗanda ke ciki ba su ne suka riƙe masa kuɗi ba, ina ganin zai kawar da mafi yawan fitinar gidansa.

Mafi wuya daga wannan shi ne haddin da mutum zai sa tsakaninsa da mutane, domin mu al'umma ce ta kunya da kara, kunya kuwa ado ce, sai dai takan sa mutum ya ce "to" a inda ya san ba zai iya ba. Ɗaurin aure uku a garuruwa uku ranar Asabar ɗaya, da rakiyar mai neman aiki zuwa Damaturu, da tsaya wa wani a kan lamuni, duk ya amsa, sa'an nan ya kasa cika ko rabi, ya wayi gari da sunan mai saɓa alkawari, alhali da ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji, wannan karon ba zan samu ba," da an ji zafi na yini ɗaya an manta. Haka nan attajirin da ya daɗe da yara a shago amma bai koya wa ko ɗaya riƙe littafi ba, dole ya zama shi ne mai awo, shi ne magatakarda, shi ne mai gadi, ranar da ya kwanta kuma dukiyar ta kwanta tare da shi. Bashi ma, wanda nake ganin ya fi komai hana 'yan kasuwarmu barci, aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta shi ta sauka. Abin da aka sa a takarda da shaidu ya sauka daga kan mutum, abin da aka bari a kan "ai mun saba" kuwa shi ke tashinsa ƙarfe biyun dare. Game da waya ba zan tsawaita ba. Wanda ya sanar da abokan hulɗarsa cewa daga bayan lisha zuwa asuba ba a samunsa sai ga larura ta rai, zai ga ba da daɗewa ba sun saba, cinikin kuma bai gudu ba.

A ƙarƙashin duk waɗannan akwai tambayar da kowa ke kauce wa, watau nawa ne ya isa. Wanda bai yanke wa kansa abin da zai kira wadata ba, ba ranar da zai ce ya gama, domin mai mota ɗaya na hangen mai biyar, mai biyar na hangen mai hamsin, yanzu kuma waya ta kawo masa gidajen Abuja da Dubai har cikin ɗakinsa yana auna kansa da su. Masu ɗaukar ƙana'a mutuwar zuciya, tawakkali kuma kasala, sai su dubi manomin da ya yi shuka a kan kari, ya yi noma, ya sa taki, sa'an nan ya kwanta ya yi barcinsa, domin ya san saukar ruwa ba a hannunsa take ba, kuma daren da ya kwana yana kallon gabas bai taɓa jawo masa hadari ba.

Wajibi ne kuma a faɗi cewa ba kowace damuwa ce tsara lokaci ke warkarwa ba. A cikinmu akwai waɗanda suka ga abin da bai kamata ido ya gani ba a shekarun tashin hankali, kamar iyaye da abokan ɗaliban da aka kashe a makarantar Mamudo a Yulin 2013 da makarantar kimiyya ta Potiskum a Nuwamban 2014. Wanda ya yi makonni ba ya barci, ko ƙirjinsa na bugawa ba dalili, ko ya daina jin daɗin komai har yana ganin rayuwarsa ba ta da amfani, kada a tuhume shi da ƙarancin imani. Mara lafiya ne, a haɗa masa addu'a da likita, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri da aka tanada domin irin wannan. Magidanci da uwargida kuwa su riƙa auna jininsu ko ba sa jin komai, don hawan jini ba ya sallama.

Kirana ga waɗanda lokacin wasu ke hannunsu ne, domin su ne za su iya mayar da haddin da talaka ba zai iya shata wa kansa ba. Alhaji mai mota, direban da ya iso daga Legas da asuba kada ka ɗora masa wani lodin kafin ya yi barci. In tafiyar ta gaggawa ce, ka haɗa shi da na biyu. Maigidan shago, ka ba yaronka yini ɗaya a mako, ka kuma bar shi ya idar da sallarsa ba kana ƙwala masa kira ba. Magidanci, ka dubi uwar 'ya'yanka ka tambaye ta ina gajiya, in ta ce babu kada ka tsaya a nan, ka ɗauke mata wani abu. Malamanmu kuma, Allah ya gafarta muku, in kun zo babin farillan salla kuna karantar da yara, ku daɗe a kan ɗuma'nina da i'itidali.